Biza a aljihu, ƙofa a hannun wani

Zancenmu na wannan mako na matafiya ne, kuma ba masu shiga motar Ƙonni ko ta Magariya muke nufi ba. Muna nufin masu hawa jirgin sama zuwa ƙasashen nesa: ɗan kasuwar da ke zuwa sarin kaya, da ma'aikacin gwamnatin da aka tura taro ko ƙaro ilimi. Da yawa daga cikinsu sun ɗauka cewa ranar da aka manna masu biza cikin fasfo, ranar ce wahala ta ƙare. Har barka ake yi ma mutum a unguwa, a fara lissafa mashi tsarabar da zai kawo. Alhali dokar Turawa ita kanta ta faɗa baro-baro cewa riƙe biza ba ya ba mutum haƙƙin shiga ƙasa kai tsaye. Biza tana kai ka bakin ƙofa ne. Mai buɗe ƙofar shi ne ɗan sandan iyaka da ke zaune cikin ɗan akurkinsa na gilashi a filin jirgi, kuma doka ta ba shi ikon ya ce a'a.

Dattawan da suka yi tafiya zamanin kamfanin Air Afrique za su ce da ba haka abin yake ba, kuma gaskiyarsu. Sai a watan Satumba na 1986, bayan hare-haren bama-bamai da aka kai a birnin Paris, Faransa ta ɗora biza a kan kusan dukan baƙi, har da mu da ta yi ma mulkin mallaka. Yarjejeniyar Shengen, wadda aka sa ma hannu a 1985, ta soma aiki a watan Maris na 1995. Tun daga nan ƙasashen da ke cikinta suka rushe shingayen da ke tsakaninsu, suka tattara ƙarfinsu a kan katangar waje. A 2025 sun kai ƙasa 29. Ingila ba ta ciki, sabili da haka bizar Shengen ba ta kai mutum Landan. Ma'anar wannan tsari ga matafiyi ita ce, a filin jirgin farko da ya sauka cikin yankin ake binciken shi. Wanda za shi Burusel amma jirginsa ya fara ajiye shi a Paris ko Madirid, can zai amsa tambayoyi, ba a Baljiyam ba.

Hanyar ma ta ƙara tsawo. Kamfanin Air France ya dakatar da zuwa Yamai a watan Agusta na 2023, ofishin jakadancin Faransa kuma ya rufe a watan Janairu na 2024. Mutanenmu suka koma bi ta Kazablanka, ko Istambul, ko Adis Ababa. Kowane zango kuma da mai duba takardu a bakin jirgi, tunda kamfanin da ya kai ma Faransa fasinja maras cikakkun takardun tafiya yana iya biyan tarar da ta kai yuro 10,000, kuma shi ke da nauyin maido shi inda ya ɗauko shi. Idan ka ga ma'aikacin kamfani a filin jirgin Diori Hamani yana jujjuya fasfonka kamar mai neman ƙaya, to aljihun ubangidansa yake tsaro. Ƴan uwanmu kuma masu riƙe da fasfon Najeriya ko na Gana su sani cewa ƙasashen nan biyu suna cikin jerin waɗanda ake nema ma bizar ratse, ko da sauyin jirgi kaɗai za su yi a Turai ba tare da sun fita gari ba, sai fa wanda ke riƙe da wata takardar da ta ɗauke mashi wannan sharaɗi.

To, me ɗan sandan iyaka ke dubawa? Fasfo shi ne na farko. Dole ya zamana an yi shi cikin shekara 10 da suka wuce, kuma ya rage mashi aƙalla wata 3 bayan ranar da mutum ya ce zai bar Turai. A lura, bayan ranar fita ne ake ƙirgawa, ba ranar shiga ba. Dubai da wasu ƙasashe da dama wata 6 suke nema. Game da fitar Nijar daga ƙungiyar CEDEAO, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairu na 2025, hukumomin ƙawancen AES sun sanar cewa tsofaffin fasfuna suna nan da ƙarfinsu har ranar da wa'adinsu ya cika. Ke nan abin dubawa shi ne kwanan watan da ke ciki, ba tambarin da ke bango ba.

Sai ita bizar. A nan ne masu karatun boko su ma ke tuntuɓe, don takardar tana ɗauke da abu uku da mutane ke haɗawa su mai da su ɗaya. Akwai ranar da ta soma aiki da ranar da za ta mutu. Akwai yawan kwanakin da aka yarda mutum ya yi. Akwai kuma yawan shiga: sau ɗaya, sau biyu, ko babu iyaka. Ana iya ba mutum biza mai rai na wata guda amma kwana 15 kawai aka yarje mashi. In ya cika watan, ya zarce da kwana 15, kuma sunansa ya ɓaci. Mai bizar shiga sau ɗaya kuma, in ya leƙa Turkiyya ko Maroko tsakiyar tafiya da niyyar komowa, ya ƙone ta ke nan. Hatta attajirin da aka ba biza ta shekara biyu ko uku, ba a yarda ya wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 ba, kuma lissafin baya ake yi: a tsaya a ranar yau, a waiwaya kwana 180, a ƙirga nawa aka yi a ciki.

Da, hatimin da ake bugawa cikin fasfo shi ne shaida, kuma hatimi yakan dushe, ɗan sanda yakan gaji da ƙirga. Ranar 12 ga Oktoba na 2025 ƙasashen Shengen suka soma aiki da sabon tsari na na'ura mai suna EES, aka tsara ya game dukan iyakokinsu zuwa 10 ga Afrilu na 2026. Ana ɗaukar hoton fuska, a gwada zanen yatsu da wanda aka bayar wurin neman biza, a rubuta ranar shiga da ta fita cikin kwamfuta. Na'ura ba ta gajiya, ba ta kuma san ɗan wane ba. Wanda ya zarce ko da kwana ɗaya ne, ita za ta tuna ma duk wani jami'in da ya buɗe sunansa nan gaba. Akwai wata takardar izini da ake ta zancenta mai suna ETIAS. Wannan ta mutanen ƙasashen da ba su bukatar biza ce, ba ta shafi ɗan Nijar ba. Duk dillalin da ya ce ma ku kawo kuɗi ya samo maku ita don ku huta da biza, ku riƙe aljihunku.

Amma inda aka fi faɗuwa, ba fasfo ba ne, ba biza ba ce. Tambayoyi uku ne na baki: me ya kawo ka, ina za ka kwana, da me za ka ci? Kowace amsa kuma takarda take so. Mutanenmu sukan zuba takardun nan cikin fayil ɗin neman biza, in bizar ta fito su bar su gida, ko su tura su cikin babban akwatin da aka auna. Akwati kuwa sai bayan an wuce ƴan sanda ake ɗaukar shi. Duk abin da aka nuna ma ofishin jakadanci, to a riƙe kwafinsa a jakar hannu: tikitin komowa gida, takardar gayyata, takardar masauki, da ta inshorar lafiya wadda dole ta kai yuro 30,000, wato kusan sefa miliyan 19 da jika 700, kuma ta game dukan kwanakin tafiya.

Zancen masauki yana da zurfi. Wanda zai sauka gidan ɗan uwa a Faransa, wasiƙar hannu ko saƙon wayar salula ba su isa ba. Mai masaukin zai je ma'aikatar magajin garinsu ya nemi takardar karɓar baƙo, ya biya kan sarki na yuro 30, ya nuna girman gidansa da abin da yake samu, sannan ya aiko da ainihin takardar, wadda ita ake so a gani a filin jirgi. Mai ita, yuro 32 da rabi ake so ya nuna na kowace rana. Mai takardar otel, yuro 65. Wanda ba shi da ko ɗaya, yuro 120. Tunda yuro ɗaya sefa 655,957 ne in an rubuta shi irin na Faransanci, wato sefa 656 ba kaɗan, tafiyar kwana 10 a otel tana neman abin da ya kai jika 426, ta maras masauki kuma jika 787. Kuma akwai wata dabara da ta zama ruwan dare: a kama ɗakin otel ta intanet don a samu biza, in ta fito a soke. Ƴan sandan filin jirgin Ruwasi sun san wannan dabara fiye da masu yin ta. Waya kawai suke ɗagawa su kira otel ɗin. In aka ce babu sunan, zancen ya sauya daga rashin takarda zuwa ƙarya, kuma duk abin da mutum ya faɗa bayan nan ba shi da daraja.

Ga ma'aikatan gwamnati ina da magana ta musamman. Fasfon aiki ba laya ba ne. In babu yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, mai shi yana bin layi yana amsa tambaya kamar kowa. Sau da yawa masu shirya taro sukan ce kuɗin guzuri sai an iso za a biya, mutum kuma ya taso da aljihu fayau, da takardar aike ta ma'aikatarsa kawai. Takardar aike tana shaida cewa an tura ka. Ba ta shaida wanda zai ciyar da kai. Kafin a tashi, a nemi masu gayyata su rubuta a fili cewa masauki da abinci suna wuyansu, su sa sunan otel, su sa lambar wayar wanda za a iya samu ko ranar Lahadi ce, tunda jiragenmu sun saba sauka da asuba ko a ƙarshen mako, lokacin da ofisoshi ke rufe. Darakta guda, mai sa hannu a kan miliyoyi a Yamai, ya tsaya yana rantsuwa gaban yaron da bai kai ɗansa ba a kan yuro 65, wannan abin kunya ne da takarda ɗaya ke kawarwa. Ɗan kasuwa shi ma ya riƙe wasiƙar kamfanin da zai saya ma kaya, da takardar rajistar kasuwancinsa, da tsofaffin rasiɗai in akwai. Kuma ya san sunan garin da za shi da na wanda zai gani. Amsar "wani ɗan uwana zai tarbe ni" ba ta buɗe ƙofa.

In abin ya ɓaci fa? A Faransa, hana shiga a rubuce ake yin shi, tare da dalili. Mutum yana da haƙƙin a sanar da wanda ya zo wurinsa, ko jakadancin ƙasarsa, ko lauya. Yana da haƙƙin tafinta da likita. Yana kuma iya neman a bar shi yini ɗaya cikakke kafin a mai da shi, amma sai ya nema da bakinsa, don a takardar akwai gurbin da ke cewa "ina so in koma da gaggawa", kuma mai tsoro yakan sa hannu bai karanta ba. Wannan yini guda shi ne damar da mai masauki zai kawo takardar da ta rage. Wurin da ake tsare mutane ana ce mashi wurin jira, dokar 1992 ce ta kafa shi. Ƴan sanda suna iya riƙe mutum kwana 4, daga nan sai alƙali ya ƙara 8, ya sake ƙara 8. Wata ƙungiya mai suna Anafé, da aka kafa a 1989, tana taimaka ma waɗanda aka tsare da shawarar shari'a. Kuɗin biza dai, yuro 90 tun watan Yuni na 2024, wato jika 59, ba a maido su, haka kuɗin tikiti.

A ganina akwai rashin adalci cikin wannan tsari, kuma ba zan ɓoye ba. Mutum ya ba da zanen yatsunsa goma, ya buɗe asusunsa na banki gaban baƙo, ya jira makonni, an tace shi an ba shi izini, sannan a sake yi mashi shari'a a tsaye bayan ya kwana cikin jirgi. Hukuncin kuma yana rataye da fahimtar mutum ɗaya cikin minti biyu. Amurka ma ta wuce nan: a watan Disamba na 2025 ta sa Nijar cikin jerin ƙasashen da ta rufe ma ƙofa. Sai dai fushin da za mu yi a shafin jarida ba ya fid da kowa daga wurin jira. Mu ma kuma muna da tamu ƙofa: a watan Janairu na 2025 Nijar ta fito da sabuwar doka da ta tsananta sharuɗɗan shigar baƙi da zamansu. Kowace ƙasa da irin makullinta.

An wuce ƴan sanda, saura ƴan duwan, kuma nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya buɗe kunne. Shiga Turai ko fita da kuɗin da suka kai yuro 10,000, wato wajen sefa miliyan 6 da jika 560, dole a bayyana. Ba haram ba ne a ɗauki fiye da haka, ba a kuma biyan ko dala don an bayyana. Ɓoyewa ce laifi. Lissafin ya haɗa kowane irin kuɗi, sefa da dalar Amurka da yuro gaba ɗaya, da cakin da ba shi da suna, kuma tun watan Yuni na 2021 har da sandunan zinariya. A Faransa tarar rashin bayyanawa tana kai rabin kuɗin, kuma ana iya riƙe dukansu har a gama bincike. A tuna, wanga kuɗi sau da yawa ba na mai ɗauke da su ba ne shi kaɗai. Jarin mutum biyar ne ko goma na kasuwar Maraɗi ko ta Dole a Damagaram, kowa ya ba da nashi bisa amana, babu takarda. Wanda aka karɓe ma rabi a filin jirgi, da wane baki zai yi bayani in ya komo? A Dubai iyakar dirhami 60,000 ce. A ƙasar Sin, inda masu zuwa Guwanzu suka yi yawa, abin da ya haura dalar Amurka 5,000 ake bayyanawa, kuma baƙon da bai sauka otel ba sai ya yi rajista wurin ƴan sanda cikin awa 24.

Sai tsaraba. Ba wanda zai je ganin ɗansa ɗalibi a Turai bai so ya riƙa mashi kilishi da cuku ba. To, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara da duk abin da aka yi da su, sabili da cututtukan dabbobi. Kilishi, dambun nama, cuku, man shanu, duk kwandon shara za su, komai kyan ɗaurinsu. Abin mamaki, busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20, zuma kuma har kilo 2. Ɗanyun ƴaƴan itace da ganyaye, tun watan Disamba na 2019 sai da takardar lafiyar tsirrai, in ban da ƴan kaɗan da aka keɓe, cikinsu har da dabino da ayaba da abarba da kwakwa. Ke nan dabinon Bilma ya wuce, mangwaro ya tsaya. Kayan jabu kuma, irin agogo da jaka da takalmi masu sunan manyan kamfanoni na ƙarya, a Faransa laifin duwan ne ko da na sawar mutum ne.

Katin rigakafi, wanda muke ce ma karne, Turai ba ta cika tambayar shi ba, amma ƙasashen Afirka da yawa, da Sin, da Saudiyya suna nema ga wanda ya fito yankinmu, kuma ana neman shi a Yamai wurin shigowa. Allurar shawara tana soma aiki kwana 10 bayan an yi ta, don haka ba ranar jajibirin tafiya ake zuwa ba. Tun watan Yuli na 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, ba sai an sabunta bayan shekara 10 ba kamar da. Mai tsohon karne ya adana abinsa. Maniyyata hajji da umara kuma sai da ta sanƙarau. Masu sayen karne da hatimi ba tare da allura ba, mu da muka san abin da sanƙarau ke yi a ƙasar nan lokacin zafi, ban san wa suke cuta ba in ba kansu ba.

Na bar mafi nauyi daga ƙarshe, wato saƙo. A al'adarmu, matafiyi ba ya ƙin karɓar saƙo. Maƙwabci ya kawo ƙulli ya ce a kai ma wane, kunya ta hana a kwance a gani. A filin jirgi kuwa, abin da ke cikin kayanka naka ne, babu zancen "ba ni aka yi". Magunguna irin su tiramadol, da ake sayarwa a tire a kasuwanninmu, a Dubai da Jidda suna kai mutum kurkuku in babu takardar likita, kuma a Saudiyya hukuncin fataucin ƙwaya yana kai ga kisa. Masu sauraren rediyo za su tuna da ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018, bayan wasu ma'aikatan filin jirgi sun liƙa sunanta a kan jakar da ba tata ba. Sai a watan Afrilu na 2019 aka sake ta, bayan an gano masu laifin a gida. Ita ko saƙon ma ba ta karɓa ba. Saboda haka, wurin awon kaya, mutum ya tsaya da kansa, kada ya miƙa fasfo da tikiti ga ɗan rakiya ko mai turin amalanke ya koma gefe yana sallama da dangi. Ya ƙirga akwatunansa, ya ƙirga ƴan takardun da aka manna mashi a bayan tikiti, ya ga lamba ta zo daidai, ya adana su har ya fita filin jirgin da ya sauka.

Zancen abin da ke jiran ɗan kasuwa wurin duwan ɗinmu na gida in ya komo da kaya, wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.